Yadda ake saya wa dattijo inshorar cike giɓin Medicare a Amurka

Medicare, inshorar lafiyar da gwamnatin Amurka ta kafa tun 1965 domin masu shekara 65 zuwa sama, tana biyan kashi 80 cikin 100 na kuɗin likita ne kawai, ta bar wa mara lafiya kashi 20. Wannan kashi 20 ɗin ba shi da iyaka. Idan ciwon na mura ne, ba wanda zai ji a jikinsa. Idan kuma ta kai ga wankin ƙoda sau uku a mako, ko maganin daji da ake ɗura wa mutum a asibiti wata da watanni, to a nan ne gida yake girgiza. A ce Medicare ta amince da dala 60,000 a matsayin kuɗin jinyar shekara, dala 12,000 na kan Baba, ko kuma a kan 'ya'yansa, tunda mu dai mun san inda takardar bashin take ƙarewa.

Kwanciya a asibiti ma da nata lissafin. A 2025, duk wanda aka kwantar sai ya fara biyan dala 1,676 daga aljihunsa a matsayin kafin alƙalami, sannan Medicare ta karɓa. Kuma ba sau ɗaya a shekara ba ne: idan aka sallame shi ya yi kwana 60 a jere a gida, sannan aka sake kwantar da shi, sabon biya ne. Daga kwana na 61 zuwa na 90 a gadon asibiti kuwa, dala 419 ce kowace rana a 2025.

Kamfanoni masu zaman kansu suna sayar da wata inshora ta biyu, wadda ake kira Medigap, domin ta ɗauki wannan ragowar. Sayenta ba wuya. Abin da yake kayar da mutane shi ne lokaci, domin dokar tarayya ta ba mutum wata shida kacal da kamfani ba zai iya ƙinsa ba, kuma sau ɗaya take zuwa a rayuwa. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan wata shidan suke juyawa.

Mataki na 1: Tabbatar dattijon yana da Sashen A da Sashen B

Ba a sayar wa mutum Medigap sai yana da sassan Medicare guda biyu: Sashen A na kwanciya asibiti, da Sashen B na ganin likita, gwaje-gwaje da jinyar da ba ta kwanciya ba. Ɗauko katin nan mai launin ja da fari da shuɗi ka duba ƙasansa. Za ka ga layi biyu, kowanne da ranar da ya fara aiki. Ranar da ke gaban Sashen B ita ce wadda za ka rubuta ka liƙa a jikin firij.

Wanda ya riga ya fara karɓar fanshon gwamnati na Social Security tun kafin 65, yawanci kati zai iso masa a akwatin gidan waya ba tare da ya nema ba. Wanda bai fara ba, shi zai je ya nema, ta intanet ko ta waya ko a ofishin Social Security. An ba shi wata bakwai: uku kafin watan haihuwarsa, watan haihuwar, da uku bayansa. Ya fi kyau a yi a cikin ukun farko, don inshorar ta fara aiki ranar 1 ga watan da ya cika 65.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da yawancin Amurkawa. Da yawa daga iyayenmu fasfonsu 1 ga Janairu ya ce an haife su, saboda lokacin da aka yi takardar ba a riƙe ainihin ranar ba. A ƙa'idar Medicare, wanda aka haifa ranar 1 ga wata ana lissafa shi da watan da ya gabata. Wato mai 1 ga Janairu, inshorarsa tana iya farawa tun 1 ga Disamba, kuma duk sauran wa'adin sun matso gaba da wata guda. Shi ya sa ranar da ke kan kati ce abin dogaro, ba lissafin ka ba.

Sai batun cancanta. Wanda ya yi aikin da aka cire masa haraji na shekara goma, ko mijinta ko matarsa ta yi, Sashen A kyauta ne a gare shi. Iyayen da 'ya'ya suka ɗauko daga gida suna da girin kad, wato izinin zama na dindindin, amma ba su taɓa aiki a Amurka ba, su sai sun yi shekara biyar a jere a ƙasar kafin su iya shiga, kuma za su sayi Sashen A da kuɗi, wanda a 2025 ya kai dala 518 a wata. Sashen B kowa yana biya: dala 185 a wata a 2025 ga mai matsakaicin samu. Waɗannan alƙaluma duk shekara ake sauya su, don haka a duba na bana kafin a yi kasafi.

Kada a jinkirta Sashen B haka kawai. Duk cikakkiyar shekarar da mutum ya yi ba shi da shi alhali ya cancanta, ana ƙara masa kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin wata, kuma tarar tana bin sa har ƙarshen rayuwa. Wanda aka yafe wa shi ne mai aiki har yanzu wanda yake da inshorar wurin aikinsa, ko ta wurin aikin matarsa ko mijinta. Shi idan ya ajiye aiki yana da wata takwas ya shiga ba tara, kuma wata shidansa na Medigap suna jiransa har sai Sashen B ya fara. Direban tasi ko mai shago da ya sayi inshorarsa da kansa a kasuwar Obamacare ba ya cikin waɗanda aka yafe wa. Haka wanda ya bar aiki yana ci gaba da biyan inshorar tsohon wurin aikinsa da kansa, wadda ake kira COBRA.

Mataki na 2: Duba ko ma yana buƙatarta

Idan samun dattijon kaɗan ne har yana da Medicaid, wato inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi, ko yana cikin shirin QMB da jiha take biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wata da ragowar kuɗin jinya, to ba ya buƙatar Medigap, kuma a mafi yawan hali doka ta hana a sayar masa. A fara bincika wannan kafin a kashe ko sisi. Haka wanda tsohon wurin aikinsa ko ƙungiyar ƙwadagonsa ke ba 'yan fansho inshora, ya tambaye su me take biya.

Mataki na 3: Zaɓi hanya ɗaya, Medigap ko Medicare Advantage

Ba a haɗa su. Medicare Advantage, wato Sashen C, ita ce wadda ake yawan tallarta a talabijin daga Oktoba: kamfani ya karɓi ragamar jinyar gaba ɗaya a madadin gwamnati, sau da yawa ba ƙarin kuɗin wata bayan na Sashen B, ga magani a ciki, wani lokaci har da ɗan taimakon haƙori da tabarau. Amma kamfanin ne yake da jerin likitoci da asibitocin da za ka je, yakan nemi a tambayi izininsa kafin manyan ayyuka, kuma kana biya kaɗan-kaɗan duk sanda ka je, har zuwa iyakar da a 2025 doka ta yarda ta kai dala 9,350 a shekara ga likitocin cikin jerin.

Medigap akasin haka ce. Kuɗin wata ya fi yawa, amma duk likita da duk asibitin da ke karɓar Medicare a faɗin Amurka naka ne, ba sai an ba ka takardar turawa ba.

A ganina, ga irin zaman da iyayenmu suke yi, Medigap ta fi dacewa matuƙar aljihu zai ɗauka. Hajiya takan yi wata uku wajen babbar 'yarta a Bronx, ta wuce Houston wajen ɗanta idan sanyi ya shigo, daga nan a kira ta Atlanta an yi haihuwa. Tsarin Advantage yawanci a ɗaure yake da yanki guda, kuma wanda ya bar yankin fiye da wata shida yawancin kamfanoni suna cire shi. Amma dattijon da yake zaune wuri ɗaya, likitansa yana cikin jerin, kuma dala ɗari da wani abu ko ɗari biyu a wata za ta takura shi, ba laifi ba ne ya ɗauki Advantage. Abin da ya kamata ya sani shi ne komawa baya ba ta da tabbas. Shiga Advantage kowace shekara ana buɗe ƙofarta. Dawowa Medigap bayan ciwo ya bayyana, kamfani na iya cewa a'a.

Doka ta bar ƙofa ɗaya. Wanda ya shiga Advantage tun farkon cikarsa 65, idan bai ji daɗi ba ya fita a cikin wata 12 na farko, yana da haƙƙin sayen Medigap ba tare da tambayar lafiya ba. Haka wanda ya ajiye Medigap ya gwada Advantage karo na farko, yana da wata 12 ya koma.

Mataki na 4: Lissafa wata shidan

Suna farawa ranar 1 ga watan da mutum ya haɗa abu biyu: ya kai 65, kuma Sashen B ɗinsa ya fara aiki. Idan kati ya ce 1 ga Maris, wa'adin yana ƙarewa 31 ga Agusta. A tsakanin nan dole kamfani ya sayar masa da duk tsarin da yake sayarwa a jihar, a farashin da yake ba mai ƙoshin lafiya, ko da kuwa yana da ciwon suga, hawan jini da tarihin shanyewar ɓarin jiki gaba ɗaya.

Bayan 31 ga Agusta labari ya sauya. A yawancin jihohi za a kira shi a waya a yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: tsawonka nawa, nauyinka nawa, kana shan taba, kana allurar insulin, an taɓa saka maka ƙarfe a jijiyar zuciya, likita ya ce za a yi maka wani aiki nan gaba, karanto mana sunayen magungunan da ke kan teburinka. Daga amsoshin ne kamfani zai karɓa, ko ya ƙara kuɗi, ko ya ƙi. Ɓoye ciwo ba dabara ba ce, domin suna duba tarihin magungunan da aka rubuta wa mutum, kuma ƙarya a takardar nema na iya sa a soke inshorar daidai lokacin da ake buƙatarta.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce Baba lafiyarsa ƙalau, bari sai ya fara ciwo a saya. Na biyu shi ne a ɗauka lokacin nan na 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, da ake ta sanarwa duk shekara, ya shafi Medigap. Bai shafe ta ba. Wannan na sauya tsarin magani ne da Advantage.

Ko a cikin wata shidan akwai wani ɗan tarko. Kamfani ba zai ƙi mutum ba, amma yana iya jinkirta biyan kuɗin ciwon da aka gano ko aka yi jinyarsa a wata shidan da suka gabata, har na tsawon wata shida. Medicare za ta ci gaba da biyan nata kason, ragowar ce za ta dawo kansa na wannan lokacin. Ana kauce wa wannan idan mutum yana da wata inshorar lafiya aƙalla wata shida kafin nan, kuma bai yi fiye da kwana 63 ba shi da komai ba. Don haka a nemi wasiƙa daga tsohon kamfanin mai nuna ranar farawa da ranar ƙarewa, a haɗa da takardar nema.

Jiha ma tana da tata dokar. Mazauna jihar Niyok (New York) da Connecticut suna iya saye ko sauyawa kowane lokaci a shekara ba tare da tambayar lafiya ba, abin da ya sa farashin can ya fi tsada. Kalifoniya da Oregon da wasu jihohin suna ba wanda ya riga ya mallaki Medigap dama duk shekara a kusa da ranar haihuwarsa ya koma wani kamfani, zuwa tsari irin nasa ko wanda bai kai shi ba. Akwai kuma yanayin da dokar tarayya ta tilasta a sayar wa mutum, kamar idan inshorar wurin aiki ta ƙare ko kamfanin Advantage ya janye daga yankinsa. A nan kwana 63 kawai yake da su, kuma sai ya nuna wasiƙar da aka aiko masa. Kada a yar da irin waɗannan wasiƙun.

Mataki na 5: Zaɓi harafi

Tsare-tsaren Medigap goma ne, kowanne da harafinsa: A, B, C, D, F, G, K, L, M da N. Kada a rikita su da sassan Medicare. Sashen A daban, Tsarin A daban. Gwamnati ce ta tsara abin da kowane harafi zai biya, saboda haka Tsarin G kamar litar fetur ne, ko a wane gidan mai ka tsaya lita lita ce, farashi ne kawai ya bambanta. Jihohi uku ne suke da nasu tsarin daban: Massachusetts, Minnesota da Wisconsin.

Tsarin C da F a rufe suke ga duk wanda ya fara cancantar Medicare daga 1 ga Janairu 2020 zuwa yau. Wannan ya sa ga sabon shiga, zaɓin gaskiya uku ne.

Tsarin G shi ne mafi cika. Yana biyan kafin alƙalamin asibiti, kashi 20 ɗin nan, kuɗin kwanakin da suka wuce 60, ƙarin kwana 365 na asibiti bayan na Medicare sun ƙare, da kason mara lafiya a gidan farfaɗowa bayan sallama, wanda a 2025 dala 209.50 ne kowace rana daga kwana na 21 zuwa na 100. Abu ɗaya ya bar wa mutum: kafin alƙalamin Sashen B na shekara, dala 257 a 2025. Da zarar an biya wannan, sauran shekarar ba a ganin takardar bashi a kan duk abin da Medicare ta amince da shi.

Tsarin N ya fi araha, da sharaɗi biyu. Duk zuwa ofishin likita ana iya karɓar har dala 20, zuwa sashen gaggawa har dala 50 idan ba a kwantar da mutum ba. Sannan ba ya biyan ƙarin da wasu likitoci suke ɗorawa. Likitan da bai sa hannu ya yarda da farashin Medicare ba, doka ta bar shi ya ƙara har kashi 15 cikin 100 a kai. G yana ɗaukar wannan, N ba ya ɗauka. Irin waɗannan likitocin ba su da yawa, kuma wasu jihohi kamar Pennsylvania da Ohio sun hana ƙarin gaba ɗaya.

Lissafin G da N da biro da takarda ake yin sa. A ce, a misali, bambancinsu a unguwarku dala 35 ce a wata, wato 420 a shekara. Raba 420 da 20, ka samu 21. Ke nan sai Baba ya ga likita fiye da sau 21 a shekara kafin N ya fi G tsada. Ga wanda yake zuwa sau huɗu ko biyar, N ya fi riba. Ga mai likitan zuciya, likitan ƙoda da likitan ido, kowanne da ranarsa, G ya fi kwanciyar hankali. A kuma tuna cewa sauka daga G zuwa N ya fi sauƙi a kan hawa daga N zuwa G bayan jiki ya fara rauni.

Na ukun shi ne G mai babban kafin alƙalami. Kuɗin watansa kaɗan ne ƙwarai, amma sai mutum ya kashe dala 2,870 daga aljihunsa a shekara, a lissafin 2025, kafin kamfani ya fara biya. Ya dace da gidan da 'ya'ya za su iya haɗa wannan kuɗin ba tare da an shiga bashi ba, abin da suke tsoro kawai shi ne babbar jinya. K da L suna biyan rabi ko kashi uku cikin huɗu na yawancin abubuwa, amma ba sa taɓa jinyar ƙasar waje, kuma wannan babban rashi ne a gare mu.

Babu harafin da yake biyan haƙori, tabarau, na'urar ƙara ji, ko mai kula da tsoho a gida na dogon lokaci. Kuma kowace inshora ta mutum ɗaya ce. Alhaji da Hajiya kowa sai ya sayi tasa.

Mataki na 6: Kwatanta kamfanoni

A shafin Medicare.gov akwai wurin da za ka saka lambar yankinku ta gidan waya, shekaru, jinsi da batun shan taba, ya fito maka da kamfanonin da ke sayar da harafin da farashinsu. Bambancin yakan ba da mamaki, a kan kaya iri ɗaya. Fitar da uku ko huɗu, ka kira kowanne da tambayoyi iri ɗaya.

Ta farko, yaya kuke yanke farashi? Hanya uku ce. Wasu kowa kuɗi ɗaya yake biya ko shekarunsa nawa. Wasu suna duba shekarun mutum ranar da ya saya su tsaya a kai. Wasu kuma kuɗin yana hawa duk sanda ya ƙara shekara. Wannan shi ne ya fi araha a 65, kuma shi ne yake iya zama mafi tsada a 80, lokacin da sauya kamfani ya yi wuya. Dukkansu ukun suna iya ƙara kuɗi saboda tsadar jinya, amma na ukun hawa biyu yake yi.

Ta biyu, nawa kuka ƙara a kowace shekara cikin shekaru biyar da suka wuce? Dillalin da ya fara kame-kame a nan, ka gode masa ka ajiye waya. Ta uku, akwai rangwame idan mata da miji suka saya tare, ko idan ana cire kuɗin kai tsaye daga banki? Ta huɗu, wannan Medicare SELECT ne? Shi wannan nau'in ya fi araha saboda yana ɗaure mutum da wasu asibitoci, wato ya cire babban amfanin da aka zo nema.

Kowace jiha tana da ofishin ba da shawara kyauta a ƙarƙashin shirin SHIP. A Niyok sunansa HIICAP, a Kalifoniya HICAP. Su ba sa sayar da komai, ba su da la'ada, kuma su ne suka fi sanin dokar jiharku. Dillali kuwa kamfani ne yake biyansa, ba kai ba, saboda haka amfani da shi bai ƙara maka farashi ba, sai dai ka tambaye shi kamfani nawa yake wakilta, ka kuma duba lasisinsa a hukumar inshora ta jiha. Duk wanda ya kira waya ya ce daga Medicare yake yana son lambar katin Baba, ɗan damfara ne.

Idan kai ne za ka riƙa yi wa mahaifinka magana, a cike fom ɗin izini mai lamba CMS-10106, in ba haka ba ma'aikatan layin wayar Medicare, 1-800-MEDICARE, ba za su faɗa maka komai a kansa ba. Kamfanin Medigap ma yana da nasa fom ɗin izinin. Dattijon da Turanci yake masa nauyi yana da damar neman tafinta a wayar.

Mataki na 7: Cike takarda

Ana iya nema tun kafin Sashen B ya fara, a ce inshorar ta fara aiki rana ɗaya da shi, don kada a samu ko kwana ɗaya a buɗe. Ana buƙatar lambar katin Medicare, ranakun farawar sassan biyu, da bayanan banki. Sunan da za a rubuta ya zama daidai da na kan kati harafi da harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya sa kwamfuta ta kasa haɗa takardun biyan kuɗi. A biya kamfani kai tsaye, ba dillali ba, kuma ba tsabar kuɗi ba.

Idan takardar inshorar ta iso, akwai kwana 30 na dubawa. Wanda bai gamsu ba zai mayar a dawo masa da kuɗinsa. Mai sauya kamfani kada ya soke tsohuwar sai sabuwar ta tabbata a hannunsa, ko da zai biya biyu na wata guda.

Daga nan aiki ya yi sauƙi. A asibiti a miƙa kati biyu. Medicare za ta biya nata, ta tura ragowar ga kamfanin da kanta. Abin da Medicare ta ƙi amincewa da shi, Medigap ma ba za ta biya ba, don haka kafin sabon likita a tambaya ko yana karɓar Medicare ta asali, wato ta gwamnati mai Sashen A da B.

Mataki na 8: Sayi inshorar magani daban

Medigap da ake sayarwa tun 2006 ba ta biyan maganin da ake karɓa a kantin magani. Wannan aikin Sashen D ne, kuma shi ma da tararsa: kashi 1 cikin 100 na wani ma'aunin farashi na ƙasa a kan kowane watan da aka yi jinkiri, har abada. Ko dattijon ba ya shan komai, a saya masa mafi araha. Mai shan magani kuwa, a tattaro kwalaben gaba ɗaya a shigar da sunayensu a Medicare.gov a ga tsarin da ya fi sauƙi a jimlar shekara. A 2025 an tsayar da iyakar abin da mutum zai kashe a kan magungunan da tsarinsa ya ƙunsa a dala 2,000, insulin kuma ba ya wuce dala 35 a wata. Shi wannan duk shekara ake sake duba shi, tsakanin 15 ga Oktoba da 7 ga Disamba.

Mataki na 9: Shirya tafiya gida, Hajji ko Umara

In ban da wasu 'yan yanayi ƙalilan, Medicare ba ta biyan jinyar da aka yi a wajen Amurka. Tsarin C, D, F, G, M da N suna taimakawa, amma da iyakoki huɗu da ya kamata a haddace: jinyar gaggawa ce kawai, sai ta fara a cikin kwana 60 na farkon tafiya, mutum zai fara biyan dala 250 sannan kamfani ya ɗauki kashi 80 cikin 100, kuma jimlar abin da zai biya a tsawon rayuwa dala 50,000 ce.

Kwana 60 sun ishi aikin Hajji da ziyarar Madina. Ba su ishi wanda ya tafi Kano ko Damagaram tun kafin azumi da niyyar sai bayan babbar salla ba. Idan ciwo ya tashi a rana ta 70, ba abin da za a samu. Mai irin wannan doguwar tafiya ya nemi inshorar matafiya daban, musamman mai ɗaukar kuɗin jirgin dawo da mara lafiya, domin Medigap ba ta cika wannan buƙatar ba.

Asibitin gida ba zai aika wa kamfanin Amurka takardar bashi ba. Ku za ku biya, sannan ku nemi a mayar muku. Saboda haka kafin a bar asibitin a karɓi rasit mai hatimi, rahoton likita da ya faɗi ciwon da ranar da aka kawo mara lafiya, da jerin abin da aka yi da kuɗin kowanne. Idan da Faransanci ko Larabci aka rubuta, a sa a fassara. A ajiye tikitin jirgi da hoton shafin fasfo mai tambarin shiga, domin da su ake tabbatar da cewa ba a wuce kwana 60 ba.

Kafin a tashi kuma, a tabbatar kuɗin wata na Sashen B, na Medigap da na Sashen D duk suna fita da kansu daga asusun da ba zai bushe ba. Doka ta hana kamfani korar mutum saboda ciwo ko tsufa matuƙar yana biya, amma rashin biya dalili ne da ta yarda da shi, kuma wanda inshorarsa ta mutu yana Najeriya, idan ya dawo a matsayin sabon mai nema za a karɓe shi, da duk tambayoyin lafiyar nan. A sa ɗaya daga cikin 'ya'ya ya riƙa buɗe wasiƙun da ke zuwa gidan, ya kuma duba asusun a farkon kowane wata har matafiyin ya dawo.